Bulok ɗin da Muke Shan Shayi a Kansa

Ko matan aure a garinmu na Chitral, can cikin duwatsu masu ƙanƙara, sun san ba a barin ruwa ya kwana a cikin inji idan sanyi ya kankama. Ka ajiye mota da yamma, ka durƙusa ka buɗe famfon lagireto da na gindin bulok, wato gangar jikin injin, ruwan ya tsiyaye tas, da safe ka ɗuma wani ka zuba. In ka bar shi, ya daskare, ya kumbura, ya tsaga ƙarfe. Shi ya sa da aka zo garejina aka ce wai Fida Karim ya manta bai zubar da ruwan jif ɗin ubansa ba, ban yarda ba. Ɗan direba, wanda aka yaye shi a gefen sitiyari? Na ɗauki sifana na tafi in gani da idona.

Na kuwa gani. Bulok ya tsage daga gefe har ƙasa. An cika lagireto har baki, an bar bonet a wangale, tsohon bargon da ake lulluɓe injin da shi kuma an ninke shi tsaf an ɗora a kan katanga. Ban taɓa ganin mai mantuwa ya tsaya ninke bargo ba.

Mai motar, Mirza Aman, yana zaune a bakin gado a tsakar gida yana shan hantsi, ya ƙudundune cikin doguwar rigar ulu. Mijin yayata ne, marigayiya Gul Andam. Lal nake ce masa, kamar yadda ake ce wa wa, ko da yake tun ranar da ya aure ta ba mu taɓa yin hira ta ƙare ba tare da musu ba. Shi yana cewa ni makaniken da ke kashe mota sannan ya karɓi godiya ne, ni kuma ina cewa shi direban da bai san akwai giya ta uku ba ne.

Ya ce, "Ka gani, Zar Wali?"

"Na gani, Lal."

"Ta tafi ke nan?"

"Bulok ya tafi. Amma tof bai ji komai ba." Tof shi ne kan injin, murfin ƙarfen nan da ake ɗaurawa a saman bulok, inda bawul da filogi suke.

Ya yi tari mai tsawo, ya tofar, ya share baki da bayan hannu. "To me kake jira? Ka tsaya kana kallona kamar ka zo gaisuwar mutuwa."

Ga yadda maganar take. Lal mutumin Oshgol ne, ƙauyenmu da ke can ƙarshen hanya, inda daga shi sai ƙanƙara. Shi ya fara hawa da mota can, tun hanyar tana ta jakuna. A can yayata take kwance, a gindin itacen gyaɗar dutse da ke bayan gidansu. Da ƙirjinsa ya lalace, Fida Karim ya sauko da shi gari, ya kai shi har birnin Peshawar, likita ya ce iskar sama ba ta da kauri, in ya koma can ba zai daɗe ba. Shi kuwa Lal ya riga ya san ko a ƙasa ba zai ga bazara ba. Kuma kowa ya san dokar dutse: da dusar ƙanƙara ta fara zuba, hanyar Oshgol ta rufe sai bayan hunturu, wanda duk ya mutu a gari a lokacin nan a gari ake rufe shi. Haka aka yi wa mahaifina. Yau in ka ce in nuna maka kabarinsa a maƙabartar gari, sai dai in yi ta nuni da hannu ina cewa wajen nan ne, ko can.

Lal ya ce ba zai kwanta cikin baƙi ba. Ya hau da gawar mutane da yawa, ɗaure a saman jif tare da buhunan fulawa, ya ce shi ko hakan ba ya so. Da ransa zai hau, a zaune, a cikin motarsa.

Kada wani ya ɗauka Fida Karim mugun ɗa ne. Wallahi ba haka ba ne. Ɗan yayata ne, mai shagon yadi a kasuwa, shi ke yi wa ubansa wanka, shi ke yanke masa farce. So ne ya yi masa yawa har ya koma ɗaure mutum. Ya bi direbobin tashar jif ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su da Allah kada wani ya ɗauki tsohon. Shugaban tasha, Hazar Baig, ya ba shi hannu a kan haka. Da Fida Karim ya ga tsohon ya fara lallaɓa tasa motar yana duba taya, sai ruwa ya kwana a inji.

Da tsakar rana na tara masu dako muka tura jif ɗin ta tsakiyar kasuwa, ta ƙofar shagon Fida Karim, da gangan. Akwai hanyar baya, na ƙi bi. Ya fito da almakashi a hannu, fuskarsa ta yi ja.

"Kawu, ina za ka kai ta?"

"Asibiti."

"Don Allah, Kawu, ka bar maganar nan. Kashe shi za ka yi."

Na ce, "Ni bulok nake sauyawa, ɗana. Mai kashewa daban yake, kuma ba ya neman izinin mai yadi."

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce a cika lagireto a buɗe bonet?"

Ya sunkuyar da kai. Na ji tausayinsa, amma haushi ya fi yawa, na ce wa masu dako su tura mu tafi.

Yaron ba ya wasa. Kafin washegari ya zaga duk masu sayar da kayan gyaran mota. Na je wurin na farko, wanda bulok uku ke jere a bayansa ina kallonsu, ya dube ni ido cikin ido ya ce babu. Na biyu ya ce an riga an saya. Na uku ko kunya ta hana shi ƙarya, ya ce, "Ustad, ka yi haƙuri, an roƙe mu." Ustad ake ce wa babban makanike a nan. Na ce Allah ya ƙara musu tsoron mai yadi. A aiko da wani daga Peshawar kuwa, kafin ya ƙetaro dutse hanyar Oshgol ta daɗe da rufewa, don gizagizai sun riga sun fara taruwa a kan dutsen Tirich Mir.

Na koma gareji raina a ɓace, na zauna, na ajiye kofin shayina inda na saba ajiyewa. Sai na tsaya ina kallon wurin.

Akwai wani bulok a garejina da ya shekara da shekaru a ƙofa. Na same shi ne a gwanjon tsofaffin motoci, na wata babbar a-kori-kura ce da ta faɗa rami. Na cika shi da girisi na ce wata rana, wata ranar ba ta zo ba, aka ɗora masa katako ya zama teburin shayi. Duk direban da ke tashar nan ya taɓa ajiye kofi a kansa, wasu ma sun zauna a kai sun yanke farce. Na ture katakon, na goge girisin. Ramukan fistan suna ƙyalli, da karanshaf ɗinsa da fistan ɗinsa duk suna nan. Kamfani ɗaya ya ƙera shi da injin Lal, gida ɗaya ne, sai dai wannan wa ne, wancan ƙane. Ramukansa sun fi faɗi, fistan ɗinsa ya fi nisan tafiya, wato a kowane juyi ya fi shaƙar iska da mai. Tof ɗinsa ne babu, ya farfashe tun a ramin.

Na ɗauko gasket ɗin jif ɗin, faifan nan da ke shiga tsakanin tof da bulok, na ɗora a kai. Ramukan kusoshi suka zauna daram. Na ce, "Kai! Ashe a kanka muke ta zubar da shayi."

Hazar Baig ya zo da la'asar kamar kullum, ya miƙa hannu zai ajiye kofi, ya ga wayam.

"Ustad, ina tebur?"

"Ya samu aiki."

Ya leƙa ciki, ya ga bulok a rataye da sarƙa, ya ga ɗan ƙaramin tof ɗin Lal a gefe. Ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. "Hular jariri za ka sa wa ƙato? Haba Ustad, tsufa ne ko me? Matsi zai yi masa yawa. Da man da ake sayar mana a garin nan, kafin ka kai gada ya huda fistan."

"Fistan ɗinka ne?"

"Ni dai na faɗa maka."

"Na ji. Riƙe kofinka a hannu, kamar yadda ka riƙe amanar abokinka Mirza Aman."

Ya fita. Amma gaskiya ya faɗa, na kuma sani. Ƙaramin tof a kan babban bulok, iskar da ta shiga da yawa za a danne ta a ɗan ƙanƙanin wuri. Inji mai irin wannan matsi, in mai ba shi da kyau, yakan kama wuta tun lokaci bai yi ba, ya dinga dukan kansa. Wani abu guda ne ya hana ni ajiye sifana. Duk injin da na sani, in ya hau sama rauni yake yi, don iskar can ba ta cika masa ciki. To wanda matsi ya yi wa yawa a ƙasa fa, in ya hau can me zai faru? Ban taɓa gwadawa ba, ban san wanda ya taɓa ba. Tunani ne kawai na tsohon makanike mai taurin kai.

Lal ya sa aka kawo shi gareji a bayan babur, ya zauna a kan taya, ya ce ya zo ya ga kada in saci wani abu. Na gaya masa da za a samu babban tof da hankalina ya fi kwanciya.

Ya ce, "Ko an samu ba za a sa ba. Duk abin da ke motar nan ka sauya shi da hannunka mai ɓarna, giya, sifirin, har kujera. Tof ɗin nan kaɗai ya rage daga ranar da na saye ta. A kansa nake ɗumama burodin da yayarka ke ƙunsa mini. Ba zai sauka ba."

"To in ya fashe kada ka zage ni."

"Ko bai fashe ba zan zage ka."

Aikin ya ci mu. Hanyoyin ruwa biyu ba su haɗu ba, sai da na sa mai ƙirar tagulla ya yanko mini gasket na musamman, na bi da zarto ina buɗe bakin ramukan. Babban tsorona shi ne kada bawul ya sauko ya daki fistan. Na aika wurin mai tanderu aka karɓo mini ƙullun burodi, na liƙa a kan kowane fistan, na ɗaura tof, na juya injin da hannu a hankali, na sake kwancewa. Inda bawul ya taɓa ƙullun ya bar shaida. A uku akwai sauran kauri, a na huɗu ya kusa yanke ƙullun biyu. Na cire wannan fistan na rage masa kai kaɗan, na rage wa sauran daidai da shi. Lal yana kallo yana cewa, "Ka ga mutum, ko burodi bai bari ba."

Ranar da za mu tayar, tashar jif kaf ta zo kallo. Fida Karim ma ya zo ya tsaya daga baya, ya harɗe hannu. Na ɗuma ruwa na zuba, na yi bismilla, na murza makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Da farko muryarta ta fito da kauri, raina ya yi fari don murna. Na shiga na sa giya na taka mai don in hau ɗan tudun da ke ƙofar gareji. Sai ga ƙarar, ƙwar-ƙwar-ƙwar, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Tasha ta ɗauki dariya. Wani ya ce, "Ustad, kofunan shayin ka bari a ciki?" Wani ya ce a kai ta gidan biki ta yi kiɗa. Hazar Baig bai yi dariya ba, girgiza kai kawai ya yi.

Na duba Fida Karim. Kafaɗunsa sun sauka, fuskarsa ta saki. Ya matso ya dafa ubansa ya ce a hankali, "Baba, ka ji da kunnenka. Ba za ta kai ko gadar farko ba."

Lal ya ce, "In ba za ta kai ba, me zai dame ka in na gwada?"

"Ku zaga gari ku sha iska, ku dawo ku ci abincin rana. Zan sa a yi maka miyar da kake so."

"Gobe da safe," in ji Lal, yana kallona ni, ba ɗansa ba.

Da safe muka tashi, hantsi ya fito, kowa yana gani. Ba mu ɓoye wa kowa ba. Lal ya sa an ɗora masa buhun fulawa, gishiri, ganyen shayi da bargo, ya ce wa surukarsa, matar Fida Karim, nauyi ne don a gwada inji. Ita dai ta dube shi, ta shiga ciki, ta fito da burodi a ƙunshe a tsumma ta miƙa masa. Mata sun fi mu gane abu.

Na mayar da taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, baya sosai don ƙarar ta ragu, sai motar ta zama ragguwa. Muka bi ta gaban tasha muna rarrafe. Wallahi wani mai jaki ya wuce mu, har ya juyo ya yi mana sallama. Ni ke tuƙi, Lal na gefe yana cewa, "Sauya giya. Ba yanzu ba! Kai, wa ya ba ka lasin?" Kowane ɗan tudu sai tsakuwar nan ta taso, ni kuma in ɗaga ƙafa ina salati, ina jiran in ji fistan ya huje.

Muka ƙetare gadar farko. Muka ƙetare ta biyu, inda kwalta ta ƙare, hanya ta fara naɗe dutse. Gonaki suka koma ƙasa da mu, kogi ya zama siriri. Ban san daidai inda abin ya fara ba. Na dai lura na taka mai a wani hawa, na saurara, ban ji komai ba. Na ƙara takawa. Shiru, sai gurnani mai kauri.

Na tsaya, na buɗe bonet, na sassauta distiributa, wanda da shi ake gyara taimin, na murɗa shi gaba kaɗan, kunnena a kan inji. Muryarta ta ɗago. Lal ya miƙo mini ƙunshin burodi ta taga ya ce in ɗora a kan tof. Muka ci gaba. Da muka ƙara hawa na sake tsayawa na ƙara murɗawa, ta sake ɗagowa. Wurin da jif ɗin mutane ke fara nishi da baƙin hayaƙi, nan ita ta fara cika. Na daki sitiyari na yi ihu, "Ka ji ta, Lal? Ka ji teburin shayi?"

Na juya. Ya jingina da ƙofa, bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi duhu, yana jan numfashi da kafaɗa. Murnata ta mutu nan take. Tsoro ya kama ni, na tuna maganar Fida Karim a kasuwa, na ji kamar ni ne na shaƙe shi da hannuna. Na taka burki.

"Lal, mu juya."

Ya buɗe ido.

"Ka gwada, ta hau, kowa zai ji labari. Mu juya tun da sauran..."

Ya kama wuyan rigata. Ban san inda ya samu ƙarfin ba. Yana magana yana tsayawa don numfashi. "Zar Wali. Ɗana ya fasa mini mota. Na yafe masa, don yaro ne, bai taɓa neman kabarin ubansa ya rasa ba. Kai fa? Kai ma?"

Na kasa kallonsa. Na cire hannunsa daga rigata, na sauka na ɗauko burodin daga kan tof, ya yi ɗumi. Na ɓalla masa, ya tauna ɗan kaɗan. Na sa giya muka ci gaba.

Kafin Oshgol akwai hawan da muke kira Matakala. Hanya ce a jikin dutse, kwana a kan kwana, a miƙe, gefe ɗaya bango gefe ɗaya babu komai. A nan ake sauke fasinja kowa ya taka da ƙafa, mutum ɗaya kuma ya bi bayan mota da ƙaton dutse a hannu. Da inji ya sare, ya cusa dutsen a bayan taya kafin ta zame. Ba motar da ke hawa Matakala ba mai dutse, ko sabuwa ce.

A gindin hawan Lal ya ce, "Sauka."

"Me?"

"Kai da ko a kwalta ba ka iya tuƙi ba, za ka hau da ni Matakala? Sauka ka ɗauki dutse."

Na dube shi, mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa sai ya huta. Na so in yi musu, karo na farko a rayuwata na fasa. Na zagaya na tallafe shi ya matsa bayan sitiyari. Da hannunsa ya sauka a kai, bayansa ya miƙe. Ya gyara hula, ya taɓa giya, ya saurari injin na ɗan lokaci.

"Ba laifi," ya ce. Wannan ne yabo mafi girma da ya taɓa yi mini.

Na zaɓi dutse mai kyau na rungume, na tsaya a bayan taya. Ya saki kuloci. Jif ɗin ta yi gurnani ta ɗauki hawan, na bi ta da sauri. Kwanar farko ina kusa da ita. Kafin ta biyu ta ba ni rata. Na ƙara sauri, ina haki, ina jiran inda za ta sare in cusa dutse, don a kwana ta uku kowace mota ke sarewa. Ta shiga kwanar, na ji ya ɗaga ƙafa, na ji ya sake takawa, sai ta juya ta haye kamar ba hawa take ba. Ta bar ni a tsakiyar Matakala, tsoho da furfura, rungume da dutsen da ba wanda ke buƙata. Ina jin muryarta tana ta hawa a samana, ba tari, ba tsakuwa. Daga can ƙoli ya danna hon sau biyu, yadda yake yi a da don Gul Andam ta ɗora ruwan shayi. Na yar da dutsen a rami, na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da na ƙarasa da ƙafa na tarar da jif a ƙofar gidansa, mutanen ƙauye sun kewaye ta. Shi kuma an riƙe shi an kai shi bayan gida. Yana zaune a ƙasa gefen kabarin yayata, ya jingina da itacen, yana tsince busasshen ganye daga kai. Na yi mata addu'a na bar su. Maƙwabta suka buɗe gidan, aka hura wuta, aka kawo shayin gishiri. Ana cikin haka dusar ƙanƙara ta fara sauka, ɗai-ɗai.

La'asar ta yi sanyi sai ga Fida Karim a ƙafa, yana haki, takalman gari duk sun jiƙe. Da ya ga abincin rana ya huce ba mu dawo ba, ya ɗauko Hazar Baig suka biyo mu. Motar Hazar Baig tana can gindin Matakala, ya ce ba zai hau da ita a kan santsi ba, amma shi ma ya biyo da ƙafa yana bayansa.

Lal yana zaune a bakin ƙofa cikin bargo. Fida Karim ya tsaya a gabansa, idonsa jawur.

"Baba, tashi mu tafi. Dubi leɓɓanka. Zan goya ka har mota."

Hazar Baig ya ce, "Duk mai sauka ya zo yanzu. In ta ƙara zuba kaɗan, ni ma a nan zan yi hunturu."

Lal bai dubi Hazar Baig ba. Ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya nuna jif da haɓa.

"Ka zo, Fida? To yamma ta yi. Zubar mata da ruwa."

Ba wanda ya motsa. Dusar tana sauka a kan bonet tana narkewa, don injin bai gama hucewa ba. Fida Karim ya dube ni, ni kuwa na kau da kai, don wannan ba tawa ba ce.

"Baba..."

"Ka iya ai. Ni na koya maka."

Yaron ya tsaya har na zaci juyawa zai yi. Sai ya tafi wurin motar, ya durƙusa da farin wandonsa a cikin laka, ya zura hannu ya buɗe famfon lagireto. Ya kwanta rub da ciki ya lalubo na gindin bulok. Ruwan ya fara zuba yana tururi, yana yanka hanya a cikin dusar. Bai fito ba har ya tsiyaye tas. Da ya tashi ya nemi bargon inji, babu, mun baro shi a kan katanga a can gari. Ya cire mayafin ulun da ke kafaɗarsa ya shimfiɗa a kan tof, ya rufe bonet.

Ya ce, "Kawu, ka bi Hazar Baig. Ga makullin shago, ka kai wa matata. Ka ce mata sai hanya ta buɗe."

Na je yi wa Lal sallama. Na riƙe hannunsa, na san ba zan sake riƙewa ba, shi ma ya sani. Ya ce, "Ka nemi wani tebur, kada ka dinga zubar wa mutane shayi a ƙafa."

Bai ga furen bazara ba. Ɗansa ne ya haƙa masa kabari, shi da mutanen ƙauye, suka hura wuta a kan ƙasar har ta saki, a gefen Gul Andam. Da hanya ta buɗe Fida Karim ya sauko da jif ɗin da kansa. Tun daga gadar farko muka ji ta, tsakuwar ta dawo, ƙwar-ƙwar-ƙwar. Ta bi ta gaban tasha, direbobi suka miƙe tsaye, ba wanda ya yi dariya. Ya tsayar da ita a ƙofar gareji. Na yi masa gaisuwa, sannan na ce ya bar mini ita in ƙara mata kaurin gasket, ƙarar za ta ɗauke, ya dinga zuwa shago da ita.

Ya ɗora hannu a kan bonet ya ce, "Bar ta haka, Kawu. Jibi zan koma da fulawa, akwai mai neman a hau da shi?"